Zanen Hanya a Kufan Gazargamu

Tufafi iri biyu ne a wurin mutanen da: akwai na zama, akwai na tafiya. Na zama su ne waɗanda ake sawa a je fada ko Idi ko ɗaurin aure, wato su babbar riga da jamfa da alkyabba da rawani, kuma su ne mawaƙa suka wasa, masu ɗaukar hoto suka adana mana. Na tafiya kuwa ba su yi sa'ar maroƙi ba. Su ne bante da warki da taguwa da guntun zane, waɗanda manomi da maharbi da falke suka ci duniya a cikinsu, suka sari daji, suka haƙa rijiya, suka ɗora ganuwa. A yau idan ka ce wa ɗalibinmu ya lissafa ire-iren aikin riga, nan take zai kawo maka aska biyu da aska takwas da 'yar Dikwa. Ce masa ya faɗi yadda ake ɗaura warki, sai ya yi murmushi ya ce ai wannan sai 'yan dambe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu ya faru ne a damunar 2024, a majalisarmu ta gindin dogon yaro a unguwar Federal Low-Cost, nan Gombe, inda mukan zauna tsakanin La'asar da Magariba. Ɗan wani maƙwabcinmu ne ya miƙo wa mahaifinsa waya ya ce ya ga abin mamaki. Hoton wani Bature ne dogo mai jan gemu, da jaka a baya da sanda a hannu, yana tsaye a cikin jajayen duwatsun Petra, tsohon birnin nan na hamadar Jodan wanda Nabatawa suka sassaƙa a jikin dutse fiye da shekara 2000 da suka wuce. Birnin bai ɗauki hankalin kowa ba. Abin da ya tsone wa jama'a ido shi ne, mutumin ba wando a jikinsa, sai wani zane mai ratsi-ratsi da ya tsaya masa a gwiwa. Waya ta zaga hannu-hannu, dariya na biye da ita. Wani ya ce ɗan daudun Turawa ke nan. Dattijon majalisar, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati tun muna firamare, ya dube ni ya ce, "Dakta, ku da kuka yi boko mai zurfi, a raba mana gardama. Wannan mace ce ko namiji?"

Na ce, "Baba Alhaji, namiji ne, kuma ni ma da kake gani na taɓa zaga kufai a cikin irin wannan shiga." Dariyar ta tsaya cak, kamar ruwa ya cinye. Kafin in yi bayani aka kira salla, kowa ya nemi butarsa. Bayanin da ban samu yi ba a ranar shi ne nake son in yi wa mai karatu a nan.

Sunan tufar da ke jikin Baturen kilti, kuma ta mutanen tsaunukan arewacin Sikotilan ce, a ƙasar Birtaniya. Asalinta wani makeken mayafi ne na ulu, wanda makiyayi zai tattare shi ya ɗaure da ɗamara a ƙugu, rabi ya sauka zuwa gwiwa, rabi ya yafa a kafaɗa. In dare ya riske shi a daji sai ya kwance ya lulluɓa. Ashe ke nan gwado ne, irin wanda muka sani. Ƙasarsu ta ruwa ce da fadamu da hawa da gangara, wando in ya jiƙe yini yake yi a manne da ƙafa, shi kuwa zane iska na bi ta ƙarƙashinsa. Mutanen biranen ƙasar, irin su Edinbara, ba sa sa shi, hasali ma kallon ƙauyawa ɓarayin shanu suke yi wa masu sa shi. Da mutanen tsaunukan suka goyi bayan wani tawaye aka karya su a yaƙin Kuloden cikin 1746, sai majalisar Birtaniya ta kafa dokar haramta wannan sutura. Wanda aka kama karon farko wata 6 a kurkuku, karo na biyu a kore shi zuwa ƙetare shekara 7. Sojojin sarki kaɗai aka ɗauke wa. Ba a soke dokar ba sai 1782, kuma shekara 40 bayan haka, a 1822, Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara sanye da kilti, a wani biki da marubucin nan Walter Scott ya tsara. Daga nan tufar talaka ta koma tufar alfahari, har jikokin waɗanda suka raina ta suka shiga neman launin da za su ce na zuriyarsu ne.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon Turawa na zo yi. Ita ma kiltin ta zama tufar zama. Yawancin masu ita sai ranar ɗaurin aure ko wani buki suke fito da ita, wasu ma haya suke ɗaukowa, kuma mai nauyin cikinta kan ci yadi 8 na ulu, abin da ba mai hankalin da zai shiga rana da shi. A 1983 wani masanin tarihi na Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya tono faɗa da ya rubuta cewa gajeruwar kiltin da ake gani yau wani Ba'ingile mai masana'antar ƙarfe ne ya fito da ita don ma'aikatansa, maganar da masana da dama na Sikotilan suka ƙi yarda da ita. Ko ma dai wane ne ya fara yanka ta, abin da ya burge ni ga mutumin cikin hoton shi ne ya fitar da ita daga akwati ya mayar da ita bakin aikinta na farko, wato tafiyar ƙasa.

Nawa zanen gado na ci. Kakana na wajen uwa mutumin Nafada ne, kuma falke ne. Da ƙuruciyarsa yakan kora jakuna daga bakin Gongola har ƙasar Mangawa, ya kai hatsi da ƙyallen saƙa, ya dawo da kanwa da mangul. Motoci ne suka raba shi da sana'ar. Lokacin da na yi wayo ya riga ya zama tsoho mai zaman zaure, ba abin da ya rage masa na fatauci sai labari da kaushin ƙafa da wani zane na saƙi da yake ajewa a ƙarƙashin buzunsa. Saƙar hannu ne, na zaren kaɗi, shuɗi da fari sun sarƙe ƙanana-ƙanana kamar gashin zabuwa, an harhaɗa shi daga ƙyallaye masu faɗin yatsu huɗu. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, nakan tsokane shi in ce zanen kakata ya sace. Shi kuwa yakan ce, "Kai ɗan boko, me ka sani? Riga ta shiga gari ce. Hanya zane take so." Ya nuna mini yadda ake yi: gajeren wando a ciki, zane daga saman cibiya zuwa ƙasan gwiwa, a ninka bakinsa a soke, a ɗora ɗamarar fata, sannan taguwa marar hannu a sama. Riga kuwa a naɗe take a cikin kaya, ba za a warware ta ba sai an hango ganuwar garin da za a sauka. Da ya rasu a 1998 aka raba 'yan komatsansa, ba wanda ya kula da zanen. Na ɗauka.

Shekara 11 yana cikin akwatina. A watan Janairu na 2009, ina tsakiyar binciken digiri na biyu a kan waƙoƙi da kirarin fatake, na ga cewa ba zan fahimci abin da nake fassarawa ba muddin ban taka ƙasar da aka yi waƙoƙin a kanta ba. Gani ya kori ji. Muka shirya da wani abokin karatuna, Bafulatanin Dukku, za mu Gaidam, daga can mu wuce kufan Birnin Gazargamu. Muka bar Gombe da asuba, muka bi ta Bajoga, inda ake ratsewa zuwa Burmi, wurin da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a ranar 27 ga Yuli, 1903. Daga nan sai Fika da Potiskum da Damaturu, sannan muka miƙe arewa ta Dapchi da Bayamari. Tun daga Damaturu ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka ja da baya, sabara da tumfafiya suka karɓe bakin hanya, goruba ta yawaita, yashi ya riƙa leƙowa kan kwalta. Muka kwana a Gaidam.

Kufan yana gabas da garin, tafiyar kimanin kilomita 30. Wata tsohuwar akori-kura mai zuwa cin kasuwa ta rage mana hanya, ta sauke mu a wani ƙauye, aka haɗa mu da wani dattijo Bamange wanda zai yi mana jagora. A bayan wata bukka na cire kaftani da dogon wando, na naɗe su na sa a jaka, na ɗaura zanen kakana kamar yadda ya koya mini, na sa takalmin fata mai rufe idon sawu. Abokina kuwa ya ce shi ba zai je gaishe da sarakunan Barno a tsiraice ba. Sabuwar shadda ya sa, mai ruwan toka, ta sha sitaci har tana kuka in ya motsa. Da na fito ya dube ni sama da ƙasa, ya kama ciki yana dariya, ya ce saura kallabi. Dattijon bai yi dariya ba. Ya matso ya kama gefen zanen ya murza tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa, sannan ya ce, "Yaro, wannan saƙar yamma ce. Na wane ne?" Na ba shi labari. Ya ce fataken Gongola da yawa sun sauka a gidan mahaifinsa, ba zai iya tuna kowa ba, amma rabonsa da ganin irin wannan ɗauri tun yana saurayi. Ya gyara mini soken, ya ce in ɗan ƙara ɗaga shi ta baya saboda ƙaya.

Wanda bai taɓa shiga dajin arewa da rani ba bai san ƙarangiya ba. Ciyawa ce marar kwarjini, amma 'ya'yanta ƙananan ƙwallaye ne masu ƙayoyi ta ko'ina, kuma duk abin da ya gifta sai sun kama shi. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba ƙafafun wandon abokina suka koma kamar bushiya. Gefen rigarsa ya kwaso, hannun riga ya kwaso, in ya kai hannu zai cire ta kama yatsa, in ya kai yatsa baki ta kama leɓe. Ni ma ba ta ƙyale ni ba, ta yi mini zane-zane a ƙwauri, amma fata ba ta riƙe ƙarangiya kamar yadda zare ke riƙewa. Sharewa ɗaya da gefen sanda ta zube. A nan na gane dalilin da ya sa matsefata ba ta rabuwa da ɗamarar falke. Shi ma Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya yi kuka da wannan ciyawa a littafin tafiyarsa, har da sunanta na Hausa ya ambace ta.

Ganuwar ba ta bayyana gaba ɗaya ba. Da farko na ɗauka jigawa ce kamar sauran, sai da na ga ta miƙe dama da hagu ba ta da niyyar ƙarewa, tana lanƙwasawa a hankali cikin hazo. Muka hau. Daga samanta sai ga wani makeken fili a kewaye, shiru, ba hayaƙi, ba kukan zakara, sai aduwa da magarya jefi-jefi da 'yan awaki suna kiwo. Wannan shi ne birnin da Mai Ali Gaji ya kafa a kashi na ƙarshe na ƙarni na 15, bayan gidan sarautar Saifawa ya baro Kanem ya yi shekaru yana yawo ba mazauni. Fiye da shekara 300 nan ne cibiyar daular Barno. Daga nan Mai Idris Alauma ya yi mulki a ƙarni na 16, ya aika jakadu zuwa Santambul, ya samo 'yan bindiga Turkawa, limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa. Nan ayarin Fezzan ke sauke kaya bayan sun ratso Bilma. Nan almajirai daga ƙasar Hausa ke zuwa neman Alƙur'ani, abin da ya sa har gobe in an ce yaro ya tafi gabas, kowa ya san karatu ake nufi.

Na ce wa dattijo ina son mu zaga ganuwar duka, a kanta. Ya dube ni ya dubi rana, ya ce to. Kewayenta ya haura kilomita 6, kuma tafiya a kanta ba kamar tafiya a hanya ba ce, domin ruwan sama na shekara 200 ya zaizaye ta, wuri ya yi tudu, wuri ya yi kwari, wuri ƙaya ta rufe sai an sauka an kewaye a sake hawa. A wannan hawa da sauka ne zanen ya nuna mini ko shi wane ne. Ba ya riƙe gwiwa in za a ɗaga ƙafa. Iskar hunturu na shiga ta busar da gumi tun bai taru ba. Da rana ta take na kwance ɗamara na sassauta shi, da muka zauna hutawa a gindin wata aduwa na ga ashe shimfiɗa ma ne. Abokina ya haƙura tun a kashi ɗaya cikin uku na tafiyar, ya tuɓe rigar ya ɗora a ka, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya bi mu a baya yana tsinar ƙarangiya da Fulatanci. Dattijon ya waiwaya ya ce masa, "Yi haƙuri, Fulani. Ta gane ka ne. Kakanninka suka ƙone garin, ita ce ta rage mai gadi." Abokina ya ce ai da Barebari sun iya riƙon gari da ba a karɓe ba. Suka yi ta yi, irin wasan nan na Fulani da Barebari wanda ba ya tsufa.

Wasan yana da tushe mai ɗaci. A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci birnin. Mai Dunama ya ƙwato shi da taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda muka fi sani da Shehu Laminu, amma ba a daɗe ba Malam Ibrahim Zaki na Katagum ya sake korar su. Daga nan ba a ƙara zaman kirki a cikinsa ba. Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, mulki ya koma can. Wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin Sakkwato, inda yake tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, Muhammadu Bello ya kawo su tare da amsoshinsu a cikin Infaƙul Maisuri. Na karanta su a aji, na kuma karantar da su. Amma ni da na tashi a masarautar da tutar Buba Yero ta kafa, tsayuwa a kan wannan ganuwa ta sa tambayar Shehu Laminu ta yi mini nauyin da ba ta taɓa yi mini a takarda ba. Hujjojin ɓangarorin biyu suna nan a rubuce, malamai na ta nazarinsu. Mutanen da suka ɗauki 'ya'yansu suka fita ta waɗannan ƙofofi ba su bar wasiƙa ko ɗaya ba.

Wajen azahar muka sauka muka nufi tsakiyar birnin, inda fada take. A nan ƙasa ta sauya launi. Ko'ina ka taka gutsattsarin jan tubali ne gasasshe, da tsingaro iri-iri, wasu da zanen da maginiya ta yi da tsinke ko da igiya tun yumɓu na ɗanye. Ginin gasasshen tubali abu ne da ba a saba gani ba a tsofaffin biranen ƙasar Hausa, amma ga shi a nan, ga shi kuma a Gambaru, 'yar tafiya kaɗan a bakin kogin Yobe, inda sarakunan ke da wata fadar. Na tsuguna na ɗauki rabin tubali na jujjuya. A gefe ɗaya akwai wani ɗan lotsawa, na sa babban yatsana ya zauna daidai. Mai yiwuwa tsautsayin wuta ne, mai yiwuwa kuma yatsan wanda ya ɗauke shi ne kafin ya bushe.

Tunanin da ya zo mini a wurin shi ne wanda har yau bai sake ni ba. Duk abin da na karanta game da Gazargamu labarin masu riga ne: Mai da Kaigama da Galadima da Magira da limamai. Amma ƙasar da aka tara ta zama ganuwar da muka kwashe sa'o'i muna zagawa, a ka aka ɗauko ta, kwando bayan kwando. Wanda ya kwaɓa yumɓun tubalin nan da ƙafarsa, da wanda ya saro itacen gasa shi, da wanda ya koro jakin da ya kawo hatsin da birni ya ci, ba ɗayansu da ya yi aikin nan cikin babbar riga. Da bante suka yi, da warki, da guntun zane irin wanda ke ƙuguna. Da yawansu ma bayi ne, domin daular ta ci ribar cinikin bayi zuwa arewa, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Masu rigunan sun tafi da rigunansu. Abin da ya rage a tsaye aikin masu bante ne. Mu kuwa malaman adabi mun fi ba da ƙarfi ga waƙar fada. In ban da irin su Ɗan Anace, da ya tsaya wa manoma da 'yan dambe, da wuya ka ji an ambaci warki a waƙa ba da sigar zambo ba.

Muka yi alwala da ruwan gorar dattijo, muka yi salla a kan yashi, shi ya ja mu. Na kawo wannan ne saboda na san abin da wasu za su ce, cewa zane a jikin namiji bai dace da mutuncin Musulmi ba. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma zanen ya rufe ta har da rara. Duk wanda ya sauke farali ya san cewa a ranar da ta fi kowace rana girma, a filin Arfa, ba riga ba wando a jikin alhaji, ƙyalle biyu ne marasa ɗinki. Mazan Yaman da Somaliya da Indunusiya da Bangaladash da zane suke zuwa masallaci, limamansu ma haka. Kunyar da muke ji ba daga littafi ta zo ba. Mun dai haɗa zane da mata, mun haɗa bante da talauci da ƙauyanci, muka yar da su gaba ɗaya, har muka mance cewa masu iya magana da kansu sun ce da tsirara gara baƙin bante.

Wani abin da ya ba ni dariya daga baya, da na koma ga littattafai, shi ne ashe mutumin Sikotilan ya riga ni taka wannan kufai. A 1823, shekara 15 kacal bayan faɗuwar birnin, Dixon Denham da likita Walter Oudney sun zo sun gan shi, bangaye na tsaye, suka kuma ji ana cewa mutanen da suka zauna cikinsa sun kai 200,000. Oudney ɗan Edinbara ne, abokin tafiyarsu Hugh Clapperton kuma ɗan Annan ne, a kudancin Sikotilan, wato dukansu biyu daga ɓangaren da ba a ɗaura kilti suka fito. A shekarar da sarkinsu ke taƙama da ita a Edinbara, su suna Fezzan suna duba kufan Jarma a tsakiyar Sahara. Oudney bai koma gida ba, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton ya wuce Kano, kuma da ya kusa shiga birni sai ya tsaya ya sa kayan sarkinsa na sojan ruwa don ya burge Kanawa. Da bakinsa ya ba da labarin cewa ba wanda ya ko waiwaye shi, kowa na harkar gabansa. Ko ba komai ya san ka'idar kakana, riga ta shiga gari ce.

Mu ma ita muka bi. Da yamma, kafin mu shiga ƙauyen da za mu jira mota, na kakkaɓe zanen na ninke, na sa kaftanina. Abokina ya kwana biyu a Gaidam yana tsince shaddarsa, ƙarshe dai ya bar wa yaron masaukinmu ita.

Wata 6 bayan wannan tafiya, a Yulin 2009, rikicin Boko Haram ya ɓarke. Garuruwan da muka ratsa muna sayen rake da gyaɗa ta tagar mota suka koma sunayen da ake ji a labaran rediyo: Potiskum da Damaturu, sannan Dapchi, inda aka sace 'yan makaranta mata fiye da 100 a Fabrairun 2018, sannan Gaidam kanta, wadda aka afka wa a Afrilun 2021 har dubban mutanenta suka tsere, kamar dai yadda na Gazargamu suka tsere. Na sha yin niyyar kai ɗalibaina su ga ganuwar nan da idonsu, su zaga ta da ƙafarsu, amma duk shekara sai in auna amanar 'ya'yan mutane in fasa. Ina koya musu kirarin fatake a cikin aji mai fanka, suna rubutawa, suna cin jarrabawa. Da na ce musu ƙarangiya, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaya ko sunan tsuntsu ne.

Zanen kuwa ya gaji. Ya fara rabewa a kan layin ninki, kuma duk telan da na kai wa sai ya ce zaren ya mutu, allura ba za ta riƙe ba. Na shiga cigiyar wanda zai saƙa mini irinsa. Abin mamaki, a Gombe, garin da auduga ta gina, inda aka kafa injin gurzar auduga tun 1956, na zaga tsohuwar kasuwa rumfa-rumfa ban sami mai saƙar saƙi ba. Daga ƙarshe wani mai sayar da gwado ya kwatanta mini wani tsoho a wani ƙauye ta hanyar Dukku. Na same shi a bara, a zaune a ƙofar gida, masaƙarsa a rataye a zaure ta yi ƙura. Ya karɓi zanen ya ɗaga shi a rana, ya ƙirga ƙyallayen, ya ce zai iya, idonsa bai mutu ba tukuna, kuma akwai sauran marina ɗaya a garin da ke gaba. Matsalar zare ce. Da na kanti zai yi kyau a ido, amma ba zai sha gumi ba, ba zai yi laushin wannan ba. Na kaɗi ake so, kuma tsohuwar da ke kaɗa masa ta rasu shekara 4 da suka wuce, 'ya'yanta ba wadda ta ɗauki mazari. Ya ce in na samo zaren in dawo bayan an cire amfanin gona. Na aika Nafada wurin dangin mahaifiyata, an ce mini akwai wata gwaggo a Barwo da har yanzu takan taɓa kaɗi in ta sami auduga mai kyau, amma sai an yi mata haƙuri, don hannunta ya fara rawa.